Yadda unguwa za ta ƙulla amana da caji ofis ɗinta

A yawancin unguwanninmu, idan aka ƙwace wa mutum waya bayan magariba, abin da yake fara yi shi ne ya ari wayar wani ya sa a rufe masa layi da asusun banki. Sai ya gode wa Allah da ba a sare shi ba, ya kwana. Zuwa caji ofis ba ya cikin lissafinsa. Yana tsoron a ce ya kawo kuɗin takarda da na mai, kuma yana tsoron kafin ya dawo gida yaran da suka yi ƙwacen sun ji wanda ya kai ƙara. Shi ma kurtun da ke zaune a kanta yana da nasa ƙorafin: ya kamo yaro da wuƙa a ƙugu, kafin la'asar dattawa sun cika ofis da roƙo, wani babba ya bugo waya, aka saki yaron, ya wuce ta gabansa yana murmushi. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma hujjar kowa gaskiya ce.

Wannan tazara ta daɗe. Rundunar 'yan sandan da Turawa suka fara kafawa a Legas a farkon shekarun 1860 Hausawa aka cika ta da su, aka sa su tsaron mutanen da ba sa jin yarensu, don baƙo ya fi sauƙin biyayya ga wanda ya ɗauke shi aiki. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama ɗaya. A Arewa kuma akwai 'yan doka na En'e, 'yan gida ne, sun san kowa, amma tsofaffin 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ba su manta da abin da aka sa 'yan dokan suka yi musu ba, har sojoji suka zo suka narkar da 'yan dokan cikin rundunar tarayya. Wato zama ɗan gari shi kaɗai ba ya sa a yarda da ɗan sanda. Yau sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, umarni daga sama yake saukowa, kuma baturen 'yan sandan da kuka saba da shi ana iya ɗauke shi a dare ɗaya.

An yi ta ƙoƙarin rage tazarar. An kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, a 1984. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin 'yan sandan al'umma, aka fara gwaji a Enugu. A 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda wadda ta tanadi kwamitocin al'umma, kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don fara aikin. Amma ga abin da ya kamata duk mai shirin shiga wannan aiki ya sani. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Science a 2021 ya gwada irin waɗannan tsare-tsare a ƙasashe shida, Brazil, Kolombiya, Laberiya, Pakistan, Filifin da Uganda, kuma bai ga sun rage laifi ko sun ƙara yarda ba. Cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai yawan sauya wa jami'ai wurin aiki, da rashin goyon bayan manya, da kuma cewa jami'in da ya zo taro ba shi da ikon aiwatar da abin da aka roƙe shi. An yi taro, an sha lemo, an watse. Matakan da ke tafe an tsara su ne don kada naku ya zama haka.

Ku fara da kanku, kafin ku taka caji ofis

Ku kafa kwamitin unguwa, mutum goma zuwa goma sha biyar sun isa. Mai unguwa ya zama uban tafiya, don ba a tsallake shi, kuma ta hannunsa dagaci da hakimi za su san abin da ake ciki. A sa limamai, kuma idan unguwar tana da masallacin Izala da na ɗariƙa a ɗauko daga kowanne. Idan akwai coci a gayyaci fasto. Wannan kowa ya sani. Inda aka fi yin kuskure shi ne a tsaya a nan, a cika kwamiti da masu manyan riguna waɗanda ƙarfe tara na dare sun rufe ƙofa. Wanda ya san abin da ke faruwa a lungu ƙarfe ɗaya na dare mai shayi ne, da ɗan adaidaita sahu, da mai cajin waya, da mai kemis. Abin da ke faruwa cikin gidaje kuwa mata suka sani: malamar Islamiyya, ungozoma, mai kitso. A ba su kujera, kuma idan zama da maza zai hana su magana, a yi musu nasu zaman, wakiliyarsu ta kawo saƙo. A sa matasa biyu ko uku da sa'o'insu ke jin maganarsu, ba yaron da kowa ya sani ɗan lelen mai unguwa ne ba. Idan akwai baƙi mazauna unguwar, Yarabawa ko Ibo ko Fulanin da ke gefen gari, su ma a sa nasu, don su ake fara zargi idan abu ya ɓace.

Mutum biyu ne za ku yi hattara da su. Na farko ɗan takara, ko wanda kowa ya san yaransa ne ke yi masa bangar siyasa. Ya ba da gudunmawa idan yana so, amma kada ya riƙe muƙami. Na biyu mai neman katin shaida da sitika ta manna wa mota don ya wuce shingen bincike ba a tsayar da shi ba. Irin wannan ne ya zubar da mutuncin kwamitoci da yawa, har mutane suka riƙa kallonsu a matsayin dillalan beli.

Daga nan ku ɗauki mako biyu kuna tattara damuwa. Kada ku karɓi magana irin "tsaro ya lalace". A tambayi mutum: a ina, da wane lokaci, sau nawa? "Ana tare mata a bakin gadar kwata tsakanin magariba da lisha" magana ce da ɗan sanda zai iya aiki da ita. Ku rubuta duka, sannan ku zaɓi uku kawai, biyu masu sauƙi, ɗaya mai wuya.

Ziyarar farko

Ku rubuta takarda zuwa ga DPO, wato baturen 'yan sandan da ke shugabantar caji ofis ɗin, mai unguwa ya sa hannu, ku nemi ganawa. Ku bincika ko akwai reshen PCRC a ofishin. Idan akwai kuma yana motsi, ku shiga ta ƙofarsa, ba sai kun kafa kishiya ba. Ku je a ranar da ba ku da kowa a tsare. Wannan sharaɗi yana da nauyi, domin yawancin 'yan sanda ba su taɓa ganin dattawan unguwa ba sai ranar roƙo, kuma zuwanku hannu sake shi ne saƙon farko. Kada ku riƙo ambulan. Goron da za ku kai shi ne takardar damuwarku.

Bayan gaisuwa, dattijon da ke jagora zai iya cewa: "Yallaɓai, ba ƙara muka kawo ba, ba kuma beli muka zo ba. Abu uku ne ke damun unguwarmu, ga su a rubuce. Muna so mu ji wanne za ku iya, wanne ya fi ƙarfinku, kuma me kuke so daga gare mu." Sai ku yi shiru ku saurara. Ku tambaye shi jami'ai nawa ne ke aikin dare, motar sintiri nawa ce ke tashi, unguwanni nawa ne ke ƙarƙashinsa. Amsar takan sanyaya jikin mutane. Wanda ya ji cewa mota ɗaya ce ke zagaya unguwanni masu yawa, wani lokacin ma ba mai a cikinta, zai daina fassara kowane jinkiri da mugunta.

Abu biyu za ku fito da su. Lambar waya da ake ɗauka da dare, wadda za ku gwada a gabansa, ban da 112 ta gaggawa. Sai kuma jami'i ɗaya mai suna da fuska da aka ɗora wa unguwarku, wanda ke jin Hausa. Ku roƙi a bar shi ya riƙa shigowa a ƙafa, da rana, ba don kame ba. A birnin New Haven na Amurka an gwada wannan a binciken da aka buga a 2019: 'yan sanda suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofofi suna gabatar da kansu na 'yan mintuna, kuma ra'ayin mutanen gidan game da su ya gyaru, gyaran bai gushe ba har bayan mako uku. A wajenmu ba sai an shiga gida ba. Majalisar ƙofar gida, teburin mai shayi da harabar masallaci bayan la'asar sun wadatar.

A san iyakar kowa

Yarda ba ta zama inda ɗaya ya san doka ɗaya bai sani ba. Kwamiti ya nemi lauya ɗan unguwa, ko wani daga hukumar ba da tallafin shari'a, ya zo ya bayyana waɗannan da Hausa, a gaban DPO, don kada gobe a ce ba a ji ba.

Beli a caji ofis kyauta ne, kuma mace tana iya tsaya wa mutum. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, sai dai laifukan da hukuncinsu kisa ne suna da nasu tsarin. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗauke uba ko mata don yaro ko miji ya gudu. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, wannan aikin kotu ne. Dole a sanar da dangin wanda aka tsare ba tare da an caje su ba. Dokar 2017 ta mai da azabtarwa laifi, ko da sunan neman a amsa laifi ne. Sannan dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa alƙalin majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane duk wata ya duba su wa ke ciki. Jihohi sun yi irin tasu, Kano ta yi a 2019.

Jama'a su ma a karanta musu nasu. Ba a tare motar 'yan sanda, ba a jifa, ba a ɓoye wanda ake nema. Ba a dukan ɓarawo har ya mutu. Wanda ya ga abu da idonsa ya daure ya je kotu, domin shari'o'i da yawa rashin shaida ke kashe su, sai a dawo ana cewa 'yan sanda sun ci kuɗi sun saki. Kuma mai bashi ya daina kai abokin cinikinsa caji ofis yana ba da na goro a tsorata masa shi. Wanda ya saya wa kansa zalunci yau, gobe wani zai saya a kansa.

Sirrin mai ba da bayani

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya faɗi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma duk unguwa ta san mai sayar da ƙwaya, ta san gidan da ake kai wayoyin sata, ta san yaron da ya yi kuɗi dare ɗaya ba sana'a. Abin da ya hana a faɗa ba son ɓarna ba ne. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Mutum ɗaya aka sara saboda an ce shi ne infoma, unguwar za ta yi shekaru bakinta a rufe.

Ku fara da gane ta inda magana ke fita. Wani lokacin daga kantar ofis ne: mutum ya zo ya faɗi abu da ƙarfi a gaban masu jiran beli. Wani lokacin jami'in da ya je kame ne, don ya wanke kansa, zai ce wa yaro "ai maƙwabcinka ne ya kawo ƙararka". Sau da yawa kuwa daga cikin kwamitin ne, ɗan kwamiti ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa wa ƙawarta wadda ƙaninta ake nema. Ba mugunta, sakin baki ne kawai, amma sakamakon ɗaya ne.

Saboda haka ku raba hanya biyu tun ranar farko. Hanyar fili ita ce taro da zauren WhatsApp: a nan ana maganar wuri da lokaci, ba a ambatar sunan kowa, ba a sa hoton wanda ake zargi. Wanda ya karya wannan a cire shi, ko wane ne. Hanyar ɓoye kuwa mutum biyu ko uku ce kawai: DPO da kansa, da mutum ɗaya ko biyu da unguwa ta shaida ba su da surutu. Mai bayani ya zaɓi wanda ya fi natsuwa da shi. Idan ta hannun ɗan kwamiti ya bi, ɗan kwamitin zai kai maganar ba tare da sunan mai ita ba, kuma ba zai rubuta sunan a ko'ina ba, har cikin wayarsa. Mata su sami mace da za su faɗa wa. Kada jami'i ya zo ƙofar gidan mai bayani da kaki, kada a kira shi ofis ranar da aka yi kame.

Ku roƙi DPO abu biyu. Na farko, kada ya kai samame washegarin da aka ga wani ya fito daga ofishinsa, ya bari 'yan kwanaki su wuce, ya sa ido da kansa. Na biyu, kada ya kama kowa kan maganar mutum ɗaya. Wannan kariya ce ga mai bayani, kariya ce kuma ga wanda ba shi da laifi, domin akwai mai kai sunan wani saboda rikicin fili, ko neman aure, ko tsohuwar gaba. Idan mutane suka gane hanyar ɓoye ta zama makamin ramuwa, za su tsane ta fiye da yadda suka tsani shingen hanya.

Ni a ganina ya halatta ku gwada kafin ku saki jiki. Ku fara da ƙaramin bayani wanda ko ya fita ba zai jawo jini ba, ku ga ko zai dawo muku ta bakin 'yan majalisar ƙofar gida. Idan ya dawo, ku koma wurin DPO a keɓe ku faɗa masa, ba da faɗa ba. Mai hankali zai gode, domin shi ma bai san duk abin da yaransa ke yi ba.

Taron wata-wata da littafinsa

Kada a yi shi a caji ofis. Ajin firamare, ko ƙofar gidan mai unguwa, rana ɗaya tsayayya kowane wata, awa ɗaya da rabi. A sayi littafi mai kauri, a raba shafi gida huɗu: abin da aka kawo, wanda ya ɗauki nauyi, ranar cikawa, abin da ya faru. Kowane zama da karanta alƙawuran watan jiya ake buɗe shi, na 'yan sanda da na unguwa, kafin a saurari sabon ƙorafi ko jawabin kowa. Idan aka bar jawabai suka riga, lokaci zai ƙare a kan godiya da kirari.

Zaman farko yakan yi zafi. Wata uwa za ta miƙe daga bencin baya, mayafi a baki, muryarta tana rawa: "Ranka ya daɗe, ɗana daga gareji yake dawowa da baƙin mai a hannunsa aka kwashe shi da 'yan shaye-shaye. Sai da na sayar da akuyata." Ajin zai yi tsit, wasu matasa su fara gunaguni a bakin taga. Abin da jami'in zai yi a minti ɗaya mai zuwa ya fi duk jawabin da ya shirya. Idan ya ce "ba a yin haka a ofishina", ya rasa ɗakin. Idan ya ciro biro ya ce "Hajiya, a wace rana ce? Ki bar ni da maganar, wata mai zuwa a nan zan ba ki amsa a gaban kowa", kuma watan ya zo ya ba da amsar, ko da amsar ita ce an gano jami'in an hukunta shi, ko an dawo da kuɗin, to labarin zai zagaya unguwa kafin lisha. Shugaban zama ya bari a fitar da abin da ke rai, amma ya hana zagi, kuma ya hana a mai da taron kotu.

Kamen kan mai uwa da wabi shi ne babban mai rusa wannan aiki. Samame ɗaya da aka kwashe mai laifi da marar laifi yana share aikin wata shida. Ku sa shi a littafi a matsayin buƙata ta dindindin: idan an yi samame, a tantance a daren, ɗan kwamiti ya zo ya shaida ɗalibi da lebura da mai gadi, a sake su ba ko kwabo.

Aikin da ido zai gani, da maganar kuɗi

Cikin wata biyun farko ku gama abu ɗaya da kowa zai nuna da yatsa. A sa fitilar sola a lungun da ake tare mutane. A nemo mai kangon da ya zama maɓoya ya toshe ƙofarsa ko ya sa mai gadi. A daidaita sintiri da lokacin tashin Islamiyyar dare. Yawancin waɗannan ma ba aikin ɗan sanda ba ne, na unguwa ne da ƙaramar hukuma, kuma idan maganar ƙwaya ce a jawo NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Mai wuyar, kamar masu sayen wayar sata, a bar shi ya bi ta hanyar ɓoye a hankali.

Maganar mai za ta taso, gara a yi ta a fili. Gwamnati ce ke da alhakin ɗaukar nauyin 'yan sanda, har asusu na musamman aka kafa musu da doka a 2019, amma kowa ya san yadda caji ofis yake. Idan unguwa ta ga za ta taimaka, ta ba da kaya, kada ta ba da tsabar kuɗi: a zuba mai a gidan mai a karɓi rasit, a gyara taya, a sayi tocila. A rubuta a littafi, a karanta a taro. Kada a karɓi gudunmawa daga wanda yake da magana a ofishin, kuma kada a bari attajiri ɗaya ya ɗauke nauyin duka, don ranar da ɗansa ya yi laifi kowa zai ji kunyar magana. Talakan da bai ba da komai ba kiran da ya yi da dare daidai yake da na wanda ya ba da jarka goma. A faɗi wannan da baki a gaban DPO.

'Yan sintiri

Kusan kowace unguwa tana da su, kuma ba a raina su. Matasan Maiduguri da suka tashi da gora a 2013 sun taimaka wajen korar Boko Haram daga cikin birni saboda sun san fuskoki. Amma mun ga ɗaya fuskar. A Zamfara kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani ba shari'a yana cikin abubuwan da suka hura wutar da har yau ba ta mutu ba. A Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025, 'yan sintiri ne suka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida hutun salla, aka kashe mutum 16. Duk wanda ya ji zafin wannan, to ya tabbata 'yan sintirin unguwarsu ba za su yi wa baƙo irinsa ba.

Ƙa'idar gajeriya ce. A rubuta sunan kowa, mai unguwa ya shaide shi, kwafi ya je caji ofis. Ba ɗan shaye-shaye, ba yaron ɗan siyasa. Aikinsu gani, busa usur, kira, da riƙe wanda aka kama yana cikin aikata laifi har 'yan sanda su iso. Ba su da ɗakin tsarewa, ba sa duka, ba sa cin tara, ba sa yi wa kowa aski. Wanda aka miƙa a rubuta lokacin da aka miƙa shi da halin da jikinsa yake ciki, jami'in da ya karɓa ya sa hannu. Wannan takarda tana kare ɓangarorin biyu ranar da aka ce wa ya fasa masa kai.

Haka ma sulhu yake da iyaka. Rikicin maƙwabta kan kwata, faɗan yara, ƙaramin bashi, duk a mayar da su zauren mai unguwa, ofis ya huta. Amma fyaɗe, kisa, fashi, garkuwa da mutane da sara da makami ba a sulhunta su. Kwamitin da ya je roƙon a rufe maganar fyaɗe don a rufa wa gida asiri ya gama zubar da kansa a idon matan unguwa, kuma su ne rabin masu bayaninsa.

Idan ɗan sanda ya yi ba daidai ba

A rubuta rana, lokaci, wuri, sunan da ke ƙirjinsa ko lambar mota, da shaidu. A fara da DPO. In bai yi komai ba a je wurin kwamandan yanki, sannan kwamishina. Akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Akwai hukumar kula da aikin 'yan sanda, PSC, mai ikon ladabtarwa, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Ɗan kwamiti ya raka mai ƙorafi, kada a bar shi shi kaɗai. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, ta adawa da cin zalin 'yan sanda, ta nuna inda ƙorafin da aka yi shekaru ana dannewa yake ƙarewa.

Haka kuma idan jami'i ya yi abin kirki, ya zo da wuri cikin dare, ko ya ƙi karɓar abin da aka miƙa masa, a rubuta takardar yabo da sunansa zuwa ga kwamishina. Ba ta cin ko sisi, kuma abokan aikinsa suna kallo.

Kada ku firgita idan a watannin farko ƙararrakin da ake kaiwa ofis suka ƙaru. Sau da yawa ba laifi ne ya ƙaru ba, waɗanda da suke haƙura su kwana ne suka fara zuwa. Ku riƙa duba wasu alamun: mata nawa ne suka zo da kansu, minti nawa ake yi kafin a amsa kiran dare, mutum nawa aka ce sun biya kuɗin beli a wannan watan.

Ranar da aka sauya DPO

Za a sauya shi, wataƙila a daidai lokacin da kuka fara jin daɗinsa. Shi ya sa tun farko ba a ɗora komai a kan mutum ɗaya. Ku saba da mataimakinsa, da jami'in sashen bincike, da tsofaffin sajan-sajan da sukan daɗe a wuri. Abin da kuka amince a kai, ranar taro, hanyar ɓoye, tantancewa bayan samame, ƙa'idar 'yan sintiri, a rubuta shi a shafi ɗaya, DPO da mai unguwa su sa hannu, a aika kwafi ga kwamandan yanki da hakimi. Duk wata uku ku aika wa kwamandan taƙaitaccen rahoto, don ya zama manya sun san da aikin kuma sabon zuwa ya tarar da shi a fayil.

Da kun ji labarin sauyi, ku roƙi mai tafiya ya ambaci kwamitin a takardar miƙa aiki, kuma ya gabatar da ku da bakinsa idan lokaci ya ba shi. Cikin makon farko ku je yi wa sabon barka da zuwa, da littafin a hannu, ku nuna masa alƙawuran da aka cika da waɗanda suka rage, ku ba shi ranar zama na gaba. Sunayen masu ba da bayani kuwa ba sa cikin kayan da ake miƙawa. Sai an koma an tambayi kowannensu ko ya yarda a ci gaba da sabon, kuma shi ma a fara gwada shi da ƙaramin bayani kamar yadda aka yi wa na baya.